Likita Ta Ce In Sha Hantsi

"Umma, a shekarunki?! Mai gyaran agogo?!"

Auta ta jefar da jakarta kan keken ɗinkina, idanunta jajur.

"Ki sassauta murya..."

"Ba zan sassauta ba! An ce ma zuciyarsa ba lafiya. Kin manta yadda muka ƙare da Abba?"

Ban manta ba. Ciwon zuciya ne ya ɗauke mahaifinta, ni na yi jinyarsa har ƙarshe. Tun daga nan na shige ɗakin ɗinkina da ko taga babu. Yara suka yi aure suka watse. Sai in wuni ban ji muryar kowa ba sai ta keke.

Da jiri da ciwon ƙashi suka ishe ni, likita ta auna jinina, ta girgiza kai.

"Bitamin D ɗinki ya yi ƙasa sosai, suga na hawa, jini ma haka. Yaushe rabonki da rana?"

"Muna gaisawa daga nesa."

"Ba wasa nake ba, Hajiya. Ga magani, amma shi kaɗai ba ya gyara zuciya. Ki riƙa tattaki, ki rage zaƙi, kullum ki fita ki sha hantsi."

A bencin ƙarshen layinmu na sami mai gyaran agogon, furfura ta cinye gemu, ya shanya hannuwa kamar wanki.

"Ke ma likita ce ta koro ki?"

Rabona da dariya irin ta ranar har na manta.

Shi ma matarsa ta rasu. Shagonsa a ƙarƙashin bene yake, rana ba ta leƙawa. Muka riƙa tattaki tare, yana tambayar sugana, ina tambayar jininsa. Wata safiya ya tsaya yana haki, ya ce, "Sanyin idona... in abin da ya rage min kaɗan ne, ina so in ƙarasa shi kusa da ke."

Wannan maganar ce ta kai kunnen Auta.

Washegarin faɗanmu da Auta bai zo bencin ba.

Rana ta biyu ma haka.

Na ci gaba da fita, don likita ba ta ce sai da abokin zama ba. In zauna a gefe guda, in bar masa wurinsa. Duk tarin da na ji sai na waiwaya. Na kira wayarsa har na ji kunyar kaina. Kaɗaicin da na saba da shi a da, yanzu ya koma min baƙo mai nauyi.

Da haƙurina ya ƙare, na yafa mayafi na nufi shagon.

Yana duƙe ƙarƙashin fitila, ya rame, ga kofin shayi da ya sha sukari a gabansa.

"Wannan ce dokar likitan?"

Ya ɗago a firgice. "Hajiya..."

"Yau kuma Hajiya na koma?"

Ya cire tabarau. "'Yarki ta zo. Ta ce ke kika aiko ta, wai ba za ki iya sake jinya ba. Kuma gaskiya ce. Me zan ba ki, banda zaman asibiti?"

"Ni na aiko ta?! Ba ni da baki ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na yi waccan jinyar, ni na san nauyinta. Wallahi bai kai nauyin cin abinci ni kaɗai ba! Kuma wa ya ba ka tabbacin kai za ka riga ni kwanciya?"

Hawaye suka gangaro cikin furfurarsa.

"Ki yafe min, abar ƙaunata..."

"Zubar da shayin nan tukuna."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Yayyen Auta duk sun zo, ita ba ta zo ba. Na yi murmushi a gaban mutane, na shiga ɗaki na yi kukana.

Sai da aka kwana biyu wayata ta yi ƙara da sassafe. Na ɗauka, lambar Auta ce, numfashinta kawai nake ji.

"Auta?"

"Umma... tsoro nake ji. Ba na so in sake ganinki a bakin gadon asibiti."

"Na sani, 'yar albarka. Ni ma ina ji."

Ta ja hanci.

"Baban... ya sha maganinsa na safe kuwa?"

Na dubi mijina, yana ta laluben takalminsa a ƙarƙashin gado.

"Ga shi nan," na ce, "ki tambaye shi da kanki."