Tabon Salansa

A birnin Kaohsiung, idan danja ta tsayar da mutane a watan Yuli, ba mai ƙarasawa bakin layi. Kowa ja da baya yake yi ya cusa babur ɗinsa a inuwar bishiya. A irin wannan cunkoson Peishan ta ji wani zafi yana lasar mata ƙafa. Ta waiga, sai ga ƙaton baƙin babur a gefenta.

"Yaya, murhu ka hawo ne?"

Mai babur ɗin ya kashe inji da sauri, ya ɗaga gilashin hular kwanonsa, ya yi sharkaf da gumi. "Ki yi haƙuri. Na babana ne, shi kaɗai ya bar min. Tsufa ke sa shi zafin rai."

Sunansa Kunlin. Kafin danja ta sake su ya san mahaifiyarta ke sayar da ƙanƙara da mangwaro a bayan kasuwa, kuma a makon nan ya sha ƙanƙara har muryarsa ta dishe.

Ita tana kiransa Mai Murhu, shi yana kiranta Ƙanƙarata. Duk ranar da zai goya ta sai ya maimaita: "Ta hagu ake sauka, salansa na dama." Har ta gaji da ji.

Ranar da suka yi faɗa, kan wani abin da ba ta ma iya tunawa, ta diro ta dama cikin fushi. Ƙarfen ya manne mata a ƙwauri. Kunlin ya durƙusa a kan kwalta yana zuba mata ruwa.

Mama ta dubi ƙunar. Babur ne ya kashe mata miji tun Peishan na goye.

"Kada in sake jin ƙarar wannan abin a ƙofata," ta ce wa Kunlin. "Ni ba ni da 'yar da zan ba ɗan babur."

"To, Goggo," ya ce, kansa a ƙasa.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ƙanƙarata, ki ba ni lokaci. Akwai abin da zan yi, in na faɗa miki za ki hana ni."

A garin nan ba a gane mutum da fuska lokacin zafi. Ga hular kwano, ga takunkumi, ga rigar rana har yatsu. Da babur ake gane kowa. Shi ya sa da Peishan ta hango baƙin babur ɗin ya wuce da wata mace a baya, ta rungume direban tsam, ba ta tsaya tambaya ba.

Ta rubuta masa: "Na ga abin da za ka yi. Ka faɗa mata ta hagu ake sauka." Ta toshe lambarsa.

Ciwon ƙafa ya warke ya bar tabo. Na zuci kuwa ya ƙi. Tana kankare ƙanƙara tana kuka, duk ƙarar babban babur sai gabanta ya faɗi. An ce Kunlin ya zo shago, Mama ta sallame shi tun daga bakin titi. Haka zafi ya wuce, wani ya sake zagayowa.

Wata rana a inuwar bishiyar nan ta sake jin zafin a ƙafarta. Ba ta ko waiga ba.

"Kunlin, ba ka da kunya."

Gilashi ya ɗagu. Wani mutum ne mai furfura a gemu.

"Ƙanwata, mai shi na da kike nema? Tun bara ya sayar min. Ya miƙo makulli yana kuka, wai ya ƙona wata wadda ta fi masa shi. Ni da matata muke gasuwa a kai yanzu."

Danja ta saki, ana ta yi mata oda, ta kasa motsi.

A tashar bas ta sami Kunlin, ya rame, yana riƙe da lema. Ta ƙarasa gabansa.

"Mai Murhu. Na babanka ne fa."

"Na sani."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na rubuta miki har na gaji, Ƙanƙarata. Ba ya shiga."

Nan ta fashe da kuka a gaban mutane.

Da Mama ta ji labarin, sai ta ja ƙafar wandonta sama. Ga tsohon tabo a ƙwaurin dama, wanda Peishan ba ta taɓa tambayar asalinsa ba.

"Babanki ma ya ƙona ni," ta ce. "Na roƙe shi ya sayar da nasa, ya ƙi. Je ki kira min yaron nan."

An yi biki da sanyi ya shigo. Babur ɗin bai dawo ba, mai shi ya ce ba na sayarwa ba ne, kuma har yau Kunlin kan yi shiru idan ya ji irin ƙararsa.

Ango da amarya suka durƙusa suka miƙa wa Mama shayi. Ta kurɓa, ta dafa kawunansu.

"Ku tsufa tare," ta ce. "Ke kuma, duk fushin da za ki yi da shi, ta hagu ake sauka."