Shingen da Na Cire a Zauren Baffa Dabo

La'asar sakaliya, ranar wata Laraba, Inna ta miƙo mini kwanon tuwo da ledar maganin ido, ta ce in kai wa Baffa Dabo a Gobarau. Na saɓa jakar kwamfuta, na hau babur daga Ƙofar Ƙaura. Raina fes, don ina da abin da zan burge tsohon da shi.

Baffa Dabo yayan mahaifina ne. Shekara uku ke nan da idonsa ya rufe, kuma shi kaɗai ya rage a gidan gado. Sunana Nu'uman, sunan mahaifinsa na ci, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Babana. Kakan nan namu mai yi wa masu taɓin aljanu magani ne, ya kuma bar akwati guda cike da takardu. Duk abin da aljani ya faɗa ta bakin marar lafiya, sai ya rubuta, ya kewaye shi da jan tawada.

Tun ranar da na fara kwafe takardun a kwamfuta Baffa ya ja mini kunne.

"Babana, abin da ka gani cikin ja, ba a karanta shi tsirara. Maganar wani ce, an killace ta. Ka bar ta cikin shingenta."

Na ce to. Duk inda na ga jan da'ira, sai in sa alamar zancen wani a farko da ƙarshe. Ni a wajena an gama.

Burina kwamfutar ta riƙa karanta wa Baffa takardun ubansa da murya. A manhajar Vim nake rubutu, ita kuwa tana da nata harshen umarni. In na zaɓi sakin layi na danna maɓalli, wannan harshen zai naɗe rubutun tsakanin alamomin zance guda biyu, ya miƙa wa wani harshen, Python, shi kuma ya karanta. Abin da ke tsakanin alamomin, saƙo ne kawai. Abin da ke waje, umarni ne, aikata shi ake yi. Matsalar ita ce in rubutun kansa yana ɗauke da irin alamar, sai Python ya ɗauka saƙo ya ƙare a nan. Maganinta kowane mai wannan sana'a ya sani: a sa wata ƙaramar alama mai kamar sanda, mai jingina baya, a gaban alamar, don a gane ba ƙarshe ba ne.

Na sa sandunan, har na zarce. Suka yi yawa, muryar ta riƙa kiran sunansu da Turanci a tsakiyar Hausa. Ni kuwa gajen haƙuri gare ni, ko layin gidan mai ba na iya bi. Da rana a ofis na goge layin umarnin da ke sa su gaba ɗaya. Na ce in ta ɓaci, ai saƙon kuskure kawai zai fito.

Na tarar da Baffa a zaure bisa buzu, carbi a hannu. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki da mutanen ofis da bai taɓa gani ba. Zauren na ƙamshin tsohuwar takarda da turaren wuta. A waje ana ta kwarara ruwan buta, maƙwabta na haramar masallaci.

"Mi ka zo da shi yau?"

"Baffa, na'urar ta iya karatu."

Ya yi dariya. "To mu ji shafi guda kahin a kira salla."

Na buɗe kwamfutar a cinyata. Na zaɓi shafin da na kwafe jiya, labarin wata mata da aka kawo wa kaka daga bayan ganuwa. Na danna.

Muryar ta fara, siririya, irin ta na'ura, tana karanta kalaman kaka. Aka kawo ta daren Juma'a, mutum huɗu na riƙe da ita. Na tambayi aljanin sunansa, ya ƙi. Baffa na gyaɗa kai, idonsa fari fat yana kallon rufi. Na ga hawaye a kuncinsa, ni ma na ji daɗi har cikin raina.

Sai karatun ya iso inda jan tawada ya fara.

Muryar ta tsaya. Na jira saƙon kuskure. Bai zo ba.

Kwararar ruwan butoci ta ɗauke. Kukan tsuntsayen da ke kan bedin ƙofar gida ya ɗauke. Ladan ya ɗaga murya daga wajen hasumiyar Gobarau, amma sai na ji ta can nesa, kamar daga cikin randa.

Wani wari ya shigo. Warin laka mai sanyi, irin ta gindin rijiya.

"Tashi."

Ba muryar na'ura ba ce. Kauri gare ta, da danshi, kuma na ji hucinta a bayan hannuna.

Baffa ya miƙe. Mutumin da sai an kama shi, an miƙa masa sanda, ya miƙe tsaye cak. Carbin ya faɗi.

"Baffa?"

"Babana," ya ce a hankali. "Ba ni ne na tashi ba hwa. Ka cire shingen?"

Na dubi fuskar kwamfutar.

"Juya."

Ya juya, ya fuskanci ƙofar cikin gida. A tsakar gidan nan akwai tsohuwar rijiya, zurfinta gaba goma sha biyu, an rufe ta da rabin kwanon rufi. Daga inda nake zaune ina hangen bakinta. Kwanon ba ya kai. Yana jingine a bango.

Na danne maɓallin kashewa. Na ƙirga goma. Hasken bai ko girgiza ba. Na rufe murfin, muryar ta fito ta ƙarƙashinsa.

"Taho."

Baffa ya ɗaga ƙafa.

Na yi wuf na kama rigarsa. Kamar na kama motar da ta tashi. Ya ja ni a ƙasa, gwiwata ta daki dokin ƙofa, rigar ta yage a hannuna.

"Kada ka biyo ni," ya ce cikin raɗa. "Maida shi. Maida shingen."

Na rarrafa na koma. Na buɗe murfin. Maganar tana nan a fuskar kwamfutar, layi huɗu, a waje da saƙo. Uku sun wuce. Na huɗun kalma ɗaya ce, kuma ɗan layin nan mai ƙiftawa yana matsawa wajenta da kansa.

Shiga.

Na laluba, na sa sanda guda a gaban alamar da ta ɓalle. Na danna.

Ba abin da ya canza. Takun Baffa na ci gaba. Ɗaya. Biyu.

Sai na tuna. Harshe biyu ne. Na farko ya haɗiye sandar kafin ta kai ga na biyu.

Wani abu ya jingina a kafaɗata. Jiƙaƙƙe ne. Ruwa na bin bayana.

Ban waiga ba.

Na ji yatsun ƙafar Baffa sun goge dutsen bakin rijiya. Tsakuwa ta faɗa. Ta daɗe kafin ta taɓa ruwa.

Muryar ta ja numfashi a kunnena.

Na ƙara sanda. Na karanta abin da ya zo bakina. Na danna da duka hannuna.

Tsit.

Sai siririyar muryar na'ura ta dawo, ta karanta layin huɗun a jere, ba rai a ciki. Kiran salla ya cika zauren, tsuntsaye suka ɓarke da kuka. Na ruga tsakar gida. Baffa na kwance a gefen rijiya, ƙafa ɗaya na lilo a ciki. Na ja shi baya ina kuka kamar yaro, rigata sharkaf da ruwan da ban san inda ya fito ba.

Bai farka ba sai da safe. Da ya buɗe ido, ya dube ni, ya ce hulata ta karkace.

Idon Baffa ya buɗe. Unguwa ta ɗauka, aka yi ta zuwa barka, Inna har sadakar waina ta yi. Yanzu yana zura zare a allura, yana cin tuwo malmala uku. Sai dai ya daina zuwa masallaci, ya ce ƙafa. Ya sa an jefar da kwanon rijiya. Da magariba a bakinta yake zama, in na shigo ya bi ni da kallo yana murmushi, ba ya ƙiftawa.

Sati biyu ban taɓa kwamfutar ba. Jiya da hantsi, a ofis, cikin mutane, na daure na buɗe shafin. Sandunana suna nan, alamomin suna nan, shingen a rufe gam. Amma layi huɗun nan babu su. Abin da ke ciki layi ɗaya ne, kuma ba ni na rubuta shi ba.

"Babana, wurin ga da sanyi. Kada ka buɗe, shina jiran ka buɗe. Ka gai da innarka."