Allurar Da Ke Gindin Randa

Ruwa kawai Inna Marka ta je ɗiba a randar surukarta, ƙafarta ta tono wata leda a cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randar. Ta kwance, sai ga 'yan kwalabe da sirinji.

"La'ilaha illallahu! Mudassiru! Fito ka ga abin da ake yi maka a gidanka!"

Ɗanta Mudassir, malamin sakandare a Gwarzo, ya fito ba hula. Matarsa Sa'ada ta leƙo daga madafi da ludayi a hannu. Aurensu ya daɗe ba haihuwa, kuma a lokacin gari ya cika da zancen allurar hana haihuwa, har masu allurar rigakafin yara ma rufe musu ƙofa ake yi.

"Ina ta yawon masu magani har Mainika, ina jiƙo mata sassaƙe, ashe filanin take yi! Fi-la-nin!" Inna ta ja kalmar tana yatsine fuska kamar ta tauna maɗaci.

Mudassir ya san ledar, don shi ya binne ta da hannunsa, tunda allurar sanyi take so, rashin wuta kuma ya mai da firjinsu kabad. Likita a Abuja ta riga ta gaya musu Sa'ada lafiyarta ƙalau, a wajensa matsalar take: ƙwayoyin haihuwarsa kaɗan ne, kuma ba su da ƙarfi. Allurar ta shirya ƙwan Sa'ada ce kafin a yi musu aiki. A motar dawowa ta ce da shi, "Malam, wannan magana ta mutu a nan. Ko Inna kada ta ji."

Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya hango kawunan matan maƙwabta a kan katanga. Bakin ya rufe.

"In dai ni na haife ka, ka sauwaƙe mata yanzu-yanzu!"

Ya dubi ƙasa. "Na sake ki... saki ɗaya."

Sa'ada ta dube shi, duban da ya gwammace mari a kansa. Ta ajiye ludayin. "Miyar ba gishiri, a zuba kafin a sauke." Ta yafa mayafi ta nufi tashar Kabo, garinsu.

Tun daga nan abinci ya daina wuce masa. A aji ya riƙe alli ya manta abin da zai rubuta. A teburin mai shayi abokinsa Jibirin ya dafa shi: "Wallahi ka yi namiji, mutumina! Irin waɗannan ba a yi musu sori." Mudassir ya ture kofin shayin. Ya tashi ya wuce gidan Inna.

"Inna, ki raka ni Kabo."

"Ato, gara a je a gaya wa ubanta halinta!"

A zauren Malam Dabo, mahaifin Sa'ada, aka yi gaisuwa doguwa: gajiya, iyali, damina, tsadar taki. Sannan dattijon ya sunkuyar da kai.

"Ni ne da ban haƙuri, Hajiya. Na tambaye ta, ta ce laifinta ne. Na ɗaga mata murya, ta ce laifinta ne. Ban san na haifi mai wannan hali ba."

Hawaye ya ɓalle wa Mudassir. "Baba, wallahi ba ta da laifi! Ni ne ba na haihuwa. Allurar ta neman haihuwa ce, aiki za a yi mana a asibiti, ni na sayo, ni na ɓoye."

"Kai! Rufe mana baki!" in ji Inna. "A danginmu kaf babu—" Ta ga fuskarsa, ta kasa ƙarasawa.

Malam Dabo ya ce, "Yaya aikin yake?"

"Ƙwanta za su ciro, Baba. A ƙarƙashin madubin likita su zaɓi ƙwaya ɗaya mai lafiya daga nawa, su sa ta cikin ƙwan da allurar da ta fi gashi siranta, a hankali don kada ƙwan ya lalace. In ya kama, a mayar mata."

"In suka haɗa da na wani ƙato fa?" Inna ta faɗa, muryar ta yi laushi.

"Ma'aikata biyu ke tsayawa, Inna, ɗaya na aiki ɗaya na shaida, kuma ba a taɓa na wasu sai an gama da namu. Na tambayi malamai, sun ce in na miji da matarsa ne ya halatta." Ya juya ga Malam Dabo. "Baba, na mayar da ita."

"Mayarwa hakkinka ne a shari'a. Yafiya kuwa tata ce."

Aka kira Sa'ada. Ta durƙusa a bakin ƙofa, idonta a kumbure.

"Malam, ba na ce maganar ta mutu ba?"

"Rufe ta ne ya kusa kashe mu. Filis, Sa'ada, ki yafe mini."

Kafin ta amsa, Inna ta rarrafo ta kama hannunta. "'Yar nan, duk ɗacin da na ɗura miki, ashe shiru kika yi kina sha? Ki yafe wa tsohuwa."

"Haba Inna! Tashi, don Allah." Ta share ido da gefen mayafi. "Shi kuwa, sai ya faɗa a inda aka ɓata ni."

Ya faɗa kuwa, a tsakar gidansa, a gaban matan katanga.

Yanke allurar ya ɓata shirin, sai da suka sake daga farko. Karon farko bai kama ba, suka yi kukansu tare. A na biyu Allah ya ba su mace, aka sa mata Raliya.

'Yan uwa, rashin haihuwa jarrabawa ce da ke samun namiji kamar yadda take samun mace, kuma neman magani ta halal ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne namiji ya lulluɓe da mutuncin matarsa ya bar ta a tsirara. Wadda ta rufa maka asiri, kada ka bari ta ɗauki laifinka ko sau ɗaya.