Iyafis ɗin Surayya a Kunnen Alhaji

Ranar da Surayya ta fara ganin Yusha'u, ranta a ɓace yake. Tana saukowa daga danfo a Agege, ƙofar motar ta maƙale igiyar abin sauraronta ta tsinke shi gida biyu, kwandasta ko waiwayowa bai yi ba. Ga shi ita ba ta iya zaman shagon ɗinkin da take aiki a Abule Egba sai da wani abu a kunne, saboda ƙarar janareta da ta kekuna.

A bakin titi ta hangi wani ɗan tebur a ƙarƙashin lema, an jera iyafis marasa igiya cikin 'yan akwatunansu, farare da baƙaƙe. Mai teburin dogon saurayi ne, baƙi, mai fararen haƙora, yana ta goge hajarsa da ƙyalle.

"Oga, abeg ina son mai sauƙin kuɗi," ta ce. "Amma kada ka ba ni irin wanda mutum zai ji kamar ana magana cikin gwangwani. An dai ce araha ba ta ado."

Ya yi murmushi. "Hajiya, ai sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni ba na sayarwa sai mutum ya sa a kunnensa. Kunne ma kamar ƙafa yake, kowa da lambar takalminsa."

Ya ɗauko guda ya haɗa da wayarta, ya zube mata 'yan robobin bakinsa a kan murfin kwali, manya da ƙanana. Sannan ya juya mata baya gaba ɗaya ya fuskanci titi, don ta samu ta ɗaga gefen hijabinta ta gwada. Surayya haifaffiyar Agege ce, ta ga 'yan kasuwa iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya juya wa hajarsa baya a Legas don kunyar mace ba.

Ƙaramar robar ce ta zauna mata daram. Ta kunna karatun da take bi kullum da safe. Nan take hayaniyar titi ta ja da baya, ihun 'yan okada ya koma can nesa, muryar mai karatun ta cika mata kai garau, har jan numfashinsa tana ji. Babu tsitsiniya, babu kaushi. Ta girgiza kai hagu da dama, abin bai motsa ba, kuma bai matse ta ba.

"Zan iya juyowa?" ya tambaya. Sai da ya maimaita da ƙarfi sannan ta ji, ta cire guda tana dariya.

Ta saya ta tafi, amma fa ba iyafis kaɗai ta tafi da shi gida ba.

Washegari ta wuni da shi a shago tun safe har yamma, kunnenta ko zafi bai yi ba, cajin ma bai ƙare ba. Sai ga ta a gaban teburin, wai ita a dole tambayar yadda ake goge robar ta zo yi. Jibi kuma wai murfin akwatin ne take ganin kamar ya saki. Murfin nan lafiyarsa ƙalau, shi ma Yusha'u ya sani, amma ya karɓa ya yi ta jujjuya shi da fuskar babban injiniya. A nan ta ji cewa daga wani ƙauye yake a bayan Ɗambatta, rani yake zuwa ci a Legas, damina ta faɗi ya koma gona. A nan kuma lambar waya ta sauya hannu, wai saboda ko abin zai ba da matsala.

Matsalar farko da ta aika masa ita ce:

"Oga Iyafis, abin nan naka yana da laifi. Ko na cire shi sai in riƙa jin muryar wanda ya sayar min."

Amsa ba ta jima ba.

"'Yar Ikko, wannan laifin ba ya gyaruwa. Ni ma tun ranar nake ba mutane canji ba daidai ba. Allah ya sa ba ni kaɗai ke wannan ciwon ba."

Ta karanta ta rufe fuska da filo. So ya kama Surayya, kamu kuwa ba na wasa ba, kuma labarin zuciya a tambayi fuska: kowa a shago ya gane.

Sai dai ba Yusha'u kaɗai ke da ido ba. Akwai Kamal, ɗan abokin mahaifinta, mai shagon wayoyi da mota. Da ya lura da abin da ke kunnenta, sai ya kawo mata wani mai tsada cikin kwali mai sheƙi. Don gaskiya sautinsa ba laifi, amma busasshen kai gare shi babu roba, kafin azahar kunnenta ya yi ja yana zugi a ƙarƙashin hijabi. Ta mayar masa cikin ladabi ta koma wa nata mai araha.

Yusha'u bai tsaya wasa ba. Ya tura kawunsa Mato, mai ɗaukar nama a mayankar Oko-Oba, neman aurenta wurin mahaifinta Alhaji Balarabe, wanda ya daɗe yana dillancin fatu a can. Alhaji ya saurare shi da kyau, ya sallame shi da mutunci, sannan ya kira 'yarsa.

"Ban ce ki auri Kamal ba, ba na yi wa 'ya'yana dole," ya ce. "Amma wannan ɗan ci-rani ne. Hadari na haɗuwa a Arewa zai naɗe tabarmarsa ya ce miki zai dawo. Na san irinsu, Surayya. Wanda ƙafarsa ɗaya ke nan ɗaya ke can ba ya cika alkawari. A bar maganar."

Ta ce to, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Ana cikin haka Alhaji ya roƙi Kamal ya rage mata hanya wata ranar da aka yi ruwa. Don kada ya dame ta da surutu ta toshe kunnuwanta da iyafis, ta ƙure karatu. Ya sauke ta a bakin titi kusa da teburin iyafis, ta wuce da sauri kai a sunkuye, don kunyar haɗa ido da Yusha'u take ji tun bayan amsar mahaifinta.

Daga ranar saƙonsa ya ɗauke cak. Ta jira, ta sake jira. Zuciya ta ce mata ai shi ke nan, an ce masa a'a sau ɗaya ya sare, dama can son nasa bai kai ciki ba. Ta hau dokin zuciya, ita ma ta yi shiru. Ko ganin iyafis ɗin ba ta son yi, sai ta ba mahaifinta, wanda kunnensa ya fara nauyi, kullum yana ƙure rediyon wayarsa har maƙwabta su san labaran duniya. Ta sa masa babbar roba ta haɗa masa da wayarsa.

Alhaji ya samu abin so. "Kai, wannan abu da daɗi yake! Kamar mai labaran a kafaɗata yake zaune," yake faɗa wa duk wanda ya shigo. Bai tambayi inda aka sayo ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Abu ɗaya ta manta: ba ta cire shi daga tata wayar ba.

Wata Asabar da rana tana ɗaki tana guga, saƙon murya ya shigo. Yusha'u ne. Gabanta ya faɗi, ta danna. Ta ga alamar tana tafiya, amma ba ta jin komai. Ta ƙara murya har ƙarshe, shiru. Ta mayar farko ta sake dannawa, ta kara a kunne, ta bubbuga wayar a tafin hannu, ta sake, ta kuma sakewa. Baiwar Allah ba ta san cewa wayar Alhaji ta mutu ba caji, iyafis ɗin da ya ɗauko don jin labarai ya koma ya kama tata ba.

"Surayya!"

Ta same shi a falo zaune, abin a kunnensa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya zare su ya mayar cikin akwatin.

"Sa shi a fili ki ji abinki," ya ce. "Ni kam na haddace."

Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa ta danna, muryar Yusha'u ta fito:

"Assalamu alaikum, 'Yar Ikko. Gobe da safe motarmu za ta tashi. An yi ruwan shuka a gida, Baffa kuma ƙafarsa ba ta kai shi gona yanzu, ni kaɗai gare shi namiji. Ranar nan da kika sauko daga motar Kamal na yi ta kiranki, ba ki waiwayo ba. Ban riƙe ki ba, wallahi. Alhaji gaskiya ya faɗa, ni ɗan ci-rani ne. Da zan iya ce masa na bar gona saboda ke da na faɗa, amma ƙarya zan yi, ba kuma zan nemi 'yarsa da ƙarya ba. Ki yi masa biyayya, kada ki ɗaga masa murya saboda ni. Ina son ki, Surayya. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Hawaye suka wanke mata fuska. "Baba, wallahi ban ji kiransa ba. Abin nan ne a kunnena ranar."

"Wannan kam na yarda," in ji Alhaji. "Ni ma uwarki sai ta zo ta tsaya a gabana nake sanin tana magana."

Ya jujjuya ɗan akwatin a hannunsa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka ƙasa.

"Ni ma ci-rani na zo garin nan, ina ɗaukar fatu a ka. Na ce wa mahaifina damina na faɗuwa zan dawo. Ciniki ya buɗe, na ce sai baɗi. Baɗi ta zo, na ce sai wata. A Oko-Oba labarin rasuwarsa ya same ni. Da mudun kaina na auna yaron nan, Surayya. Ga shi yana da ciniki, yana da wadda yake so, ya bar su duka zai je ya noma wa tsohonsa." Ya share ido da gefen babbar riga. "Kira shi. Ki ce ya zo da kawunsa bayan la'asar."

Ta ɗauki wayar ta rubuta masa:

"Ɗan ci-ranina, kada ka ɗaure kaya tukuna. Saƙonka ya ɓace hanya ya faɗa kunnen Baba. Ya ce ka zo da Kawu Mato. Ban ji kiranka ba ranar, hajarka ce ta toshe min kunne, shebi ai kai ka ce sai wanda ya zauna daidai. Ban ga wanda ya fi ka ba, kuma ba na nema."

Bayan la'asar suka zo. Yusha'u ya durƙusa a bakin ƙofa, gumi na zuba masa, Surayya kuwa tana bayan labule ta kasa kunne.

"Yaro, ka tafi ka yi nomanka," in ji Alhaji. "In an kai amfani gida, ka dawo da manyanka. Na ba ka Surayya."

Mato ya yi ta zuba godiya a madadin Yusha'u.

Daminar nan ta yi wa Surayya tsawo. Yakan hau tudun bayan gari inda ake samun sabis ya aiko mata da saƙo: gero ya yi kai, Baffa na gaishe da surukarsa, kewa ta hana shi cin tuwo. Wannan na ƙarshen ba ta yarda ba, don a hoto kumatu ya yi. Kaka na yi sai ga shi ya dawo kamar yadda ya ce, da baffanninsa da buhun sabon gero na gaisuwa.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a a masallacin unguwa, mahauta da dillalan Oko-Oba suka cika layin, har Kamal ya zo ya yi wa ango murna. Da yamma, kafin a kai amarya ɗakin da Yusha'u ya kama a nan Agege, aka kawo su gaban Alhaji. Surayya ta durƙusa cikin lulluɓi tana sheshsheƙa, angonta a gefe kai a ƙasa.

"Yusha'u, ga amana nan," in ji Alhaji. "Rani ku yi shi a nan. Damina ta faɗi, ka ɗauki matarka ku tafi wurin tsohonka tare, kada ka taɓa cewa sai baɗi."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Kuma in za ku tafi, ku kama min kujera ɗaya. A hanya ne, sai ku sauke ni a Kura. Ina so in tsaya a kan kabarin mahaifina."

Ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su dawo muku."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.