Igiya Mai Ƙulli Uku

Akwai wata yarinya, autar gidansu, wadda ba ta da aiki sai mafarki da rana tsaka. A aike ta ɗebo ruwa, sai a same ta tsaye tana kallon gajimare a cikin bokiti. A ba ta tsintsiya, sai ta hau ta, wai jirgin sama ne. Ba ta da mugun hali ko kaɗan. Hankalinta ne dai ba ya zama wuri ɗaya.

"Auta, dawo duniya!" Haka Mama take ce mata kullum.

To, Kakarsu ta zo musu ziyara daga nesa, kuma washegari da sassafe za ta koma. Abu ɗaya take so kafin ta tafi. Akwai wani tsohon bidiyo na marigayi mijinta, kakan su Auta. Baba ya nuna mata a waya, amma idonta ya yi rauni. Ta kawo wayar kusa da hancinta, ta kai ta nesa, duk a banza.

"Muryarsa ce, na ji," in ji Kaka. "Amma fuskar fa? Ni dai inuwa kawai nake gani."

Baba ya ji tausayinta ƙwarai. Dama ya daɗe yana tara kayan haɗa ƙaramar kwamfuta, wadda za ta zauna a ƙarƙashin talabijin, a riƙa kallon finafinai da bidiyon iyali. Ya baje kayan a kan tebur. Ga wani koren faranti mai ƙananan layuka, wanda komai yake hawa kansa. Ga fanka mai tsayi da take zama a kan farantin tana fifita shi. Abu ɗaya ya rage, wato akwatin da za a saka su ciki.

Auta ta sunkuya tana kallon farantin. Ita a idonta birni ne. Ga tituna, ga benaye, ga wani fili can gefe inda ƙananan mutane za su buga ƙwallo.

"Auta," in ji Baba, "ke za ki zaɓo akwatin. Ku tafi da Yayanki."

"Ni, Baba?" Daɗi kamar ya kashe ta.

Baba ya ɗauko wata farar igiya. Mahaifinsa kafinta ne, kuma da igiya yake awo. A wurinsa Baba ya koya. Kantar katako da talabijin yake kanta ma mahaifin nasa ne ya yi ta da hannunsa.

Baba ya auna fanka, ya yi ƙulli. Ya auna bakin kanta, ya yi ƙulli. Ya auna faranti, ya yi na uku.

"Saurara da kyau," in ji shi. "Tsayin akwatin ya kai ƙulli na farko, don fanka ta samu wurin tsayawa. Kada ya wuce na biyu, don ya shiga kanta. Faɗinsa kuma ya kai na uku, don faranti ya kwanta. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

Kaka ta yi dariya daga kan kujera. "Wannan ƙawar tawa? Ku ɗaure ta da igiyar ma, kada ta tashi sama!"

A cikin mota Yaya ya duƙufa a kan wayarsa. Auta kuwa ta jingina da taga. Ta naɗa igiyar a yatsunta, ta mai da ita tsani. Ta hau tsanin har cikin gajimare. Can ta tarar da lambu, itatuwansa duk na auduga. Ƙulli ɗaya yana ta sarƙe mata yatsa, sai ta warware shi, ta ci gaba da hawa abinta. Ita ba ta ma san ta yi ba.

Shagon cike yake da akwatuna, manya da ƙanana. Amma ɗaya kawai Auta ta gani. Siriri ne, ruwan azurfa, da shuɗiyar fitila a goshinsa. Kai, kamar an gutsuro wata an ajiye a kan tebur! Nan take ta hango shi a falonsu yana haske, ƙawayenta sun zagaye shi suna ta santi.

Ta fito da igiya. Ƙulli biyu ne kawai, na fanka babu.

Ta duba da kyau. Inda ƙullin yake a da, igiyar ta ɗan lanƙwashe, alamar tana nan. Ta ɗora ta a jikin akwatin azurfa. Akwatin bai kai alamar ba.

"Ai ɗan kaɗan ne," ta ce a ranta. "Fankar ba sai ta ɗan sunkuya ba?"

Ta juya baya, ta yi sabon ƙulli can ƙasa, daidai tsayin akwatin.

Mai shago, wani dattijo mai tabarau, ya leƙo. "'Yata, wannan siriri ne fa. Kin auna kuwa?"

"Na auna, Baba. Ga shi, daidai!"

Yaya ya ɗago kai, ya ga ƙulli uku, ya ce, "Shi ke nan, a ba mu shi."

A gida, aiki ya fara lafiya lau. Faranti ya kwanta. Baba ya ɗaure notuna, ya jona wayoyi, ya ɗora fanka. Ya ɗauko murfi zai rufe. Murfi ya ce bai san zancen ba. Kan fanka ya leƙo sama, murfin yana ta lilo a kai.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ni na yi kuskure ke nan?"

"A cire fankar mana," in ji Yaya.

"A cire? Ka taɓa gudu a rana babu ruwa? In babu fanka zafi zai kashe kwamfutar tun ba a je ko'ina ba. A bar ta a buɗe kuma, ƙura za ta cika ta."

Baba ya ɗauki igiya ya ɗora a jikin fanka. Ƙullin bai kai ba. Ya dafe kai. "Tsufa ya fara kama ni. Ku yi haƙuri, Inna. Laifina ne."

Kaka ta yi murmushi, amma murmushin bai kai zuci ba. "Ba komai, ɗana. Wata rana, in da rabo." Ta tashi a hankali ta shiga ɗaki tana ninke kayanta.

Auta ta yi ta juya wannan magana a ranta. Wata rana? Kaka ta tsufa, hanya kuma da nisa. Ga Baba yana ɗaukar laifin da ba nasa ba. Ta kalli akwatin azurfa. Yanzu ko kaɗan bai yi kama da wata ba.

"Baba," in ji Auta. "Ba laifinka ba ne. Ni na warware ƙullin a mota ina wasa. Da na gani, sai na sake ƙulla shi a ƙasa, don ina son wannan akwatin." Hawaye suka zubo mata.

Baba ya dube ta. Can ya ce, "Warwarewar kuskure ne, kowa yana yi. Sake ƙullin kuwa ƙarya ce, kuma ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Amma na ji daɗi da kika faɗa da bakinki. Share hawayenki. Zo ki auna da kanki."

Auta ta auna fanka, ta yi ƙulli, ta ja shi tamau. Yaya ya kwance kayan a hankali don kada akwatin ya ƙarce. Rana ta yi sanyi, suka fita da sauri. A mota gajimare ya yi ta yi mata kwalliya ta taga, amma ta damƙe igiya a hannu, ko yatsa ba ta motsa ba.

Sun tarar mai shago yana shirin jan ƙofa. Auta ta gaya masa gaskiya duka. Ya duba akwatin sama da ƙasa, ya ce, "Tunda ba ki ɓoye ba, zan canza miki. Zaɓi wani."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da igiya. Wannan ya yi tsayi. Wancan faɗinsa bai kai ba. Wanda ya dace da ƙulli ukun wani baƙi ne, babu fitila, babu ado, sai ƙananan ramukan iska a gefe.

"Mummuna ne," in ji Yaya yana tsokanarta.

"Shi nake so," in ji Auta.

Da suka koma gida, murfi ya rufe ƙaras. Akwati ya shige kanta kamar dama don shi aka yi ta. Mama ta sauke labule, ta riƙo hannun Kaka ta zaunar da ita a gaba. Fanka tana juyawa a hankali, ko ƙararta ba a ji.

Sai ga marigayin ya cika talabijin. Dattijo mai farin gemu, yana dariya, fensir a bayan kunnensa. Yana tsugune a gaban wannan kantar, tun tana sabuwa, yana auna ta da igiya. Ya ɗago kai ya ce wa mai ɗaukar bidiyon, "Ido yana ruɗi, yaro. Igiya ba ta ƙarya."

Kaka ta miƙa hannu ta shafa gilashin. "Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ga wushiryarsa. Wayyo, har na fara mantawa da ita."

Babu wanda ya kalli akwatin, har Auta. Ta kwantar da kai a cinyar Kaka, suka kalla, aka mayar, suka sake kalla.

Auta ba ta daina mafarki ba, har yanzu takan hau gajimare. Amma daga ranar ta koyi cewa abin da ya dace ya fi abin da ya yi kyau a ido, kuma in ka yi kuskure ka faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa. Da safe Kaka ta roƙi igiyar, ta ɗaura a hannun jakarta, ta tafi da ita.