Tabon Baƙin Mai a Mayafin Amarya

Motar babanta ce ta mutu a bakin garejinsa, ranar ya fara ganinta. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota, fuska duk baƙin mai, ya tsaya sororo.

"Injiniya, motar za ka duba ko ni?" in ji ta.

Tun ranar sunan ya bi shi. Shi kuwa Malama yake ce mata, don yara take koyarwa.

Da maganar aure ta taso, Baba, mahaifinta, bai so ba. So ya yi ta auri ɗan abokinsa, mai shagon yadi, mutum mai fararen kaya da ƙamshin turare. Sai da aka shekara ana lallashi kafin ya sakko.

Saura sati biyu biki, saƙonta ya shigo:

"Injiniyana, gobe ka kai mu ni da Gwaggo zaɓen mayafi. Shagon mai yadi za mu."

"Duk garin nan shagonsa kaɗai kika gani?"

"Kishi? Ka dai wanke hannu."

Washegari ya wanke har sau uku. Sai a hanya motar ta yi gardama, dole ya buɗe bonet.

Mai yadi ya tarbe su da fara'a har kunne. Ya zaro wani farin mayafi mai ƙananan duwatsu a baki.

"Tun da ya iso na ɓoye miki. Ai na san abin da ke karɓar fatarki."

Ya ɗaga zai yafa mata a kafaɗa. Injiniya bai san lokacin da ya fizge shi ba. Da ya saki, ga shatin babban yatsansa baƙi ƙirin a kan farin. Gwaggo ta saki salati.

"Ayya, maigida," in ji mai yadi a hankali, "nan ba gareji ba ne."

Ya fice ya zauna a mota, ya ƙura wa hannuwansa ido. Ashe dai Baba ya yi gaskiya. Yau ta ga bambanci da idonta, ƙila ta sake tunani.

Can ta fito riƙe da leda.

"Wanne kika ɗauka?" Ko kallonta bai yi ba.

"Mai tabon."

"Bai ba ki wani ba?"

"Har uku ya jera min. Na ce duk mayafan shagon nan hannunsa ya taɓa su. Wannan kaɗai naka ya taɓa." Ta harare shi. "Amma ka sake kunyata ni gaban Gwaggo, ka gani."

Gwaggo ta zauna kwana biyu da allura, tana mita tana zagaye tabon da duwatsu. Rufe shi ta so yi, amarya ta hana.

Ranar biki Baba ya dubi tabon a kafaɗar 'yarsa, ya dubi hannun ango, ya kama hannun ya riƙe gam.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma ka rage kishin nan, an ba ka ita."

Daga cikin mayafi amarya ta ce, "Kar ya rage duka, Baba."