Akwatin Uwaisu Mai Lamba Biyu

Ranar da Uwaisu ya fara ganin Zaituna, tana rungume da kibod na kwamfuta ne kamar mai ɗauke da jariri, za ta kai shi ofishin sito. Shi kuwa yana kan tsani yana gyaran fanka, kuma saura kaɗan sukundirebarsa ta suɓuce.

A shekarar 1988 ne, a wata masaƙa da ke Sharaɗa. Kwamfuta biyu gare su, ɗaya ta albashi a teburin Zaituna, ɗaya ta sito a teburin baffanta Malam Gwadabe, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Bangon katako ne kawai ya raba ofisoshin. Shayi ya zube wa kibod ɗin sito ya mutu, sabo kuma sai an yi odarsa daga waje. Don haka kullum tana cikin cire nata tana kai masa tana dawowa da shi.

Uwaisu ma'aikacin lantarki ne, ɗan Ringim, mai shiru-shiru. Ya tambaye ta ko ba ta gajiya, ta ce gajiya ai ba ta hana aiki. Bayan sati sai ya dawo da gwangwanin biskit da wayoyi sun leƙo ta bayansa, da makunnin tsohuwar fanka a samansa. Ya huda katakon ya zura waya. In an murɗa zuwa lamba ɗaya, kibod da linzaminsa na kwamfutarta ne, in an kai lamba biyu, rubutu ya koma fuskar kwamfutar Baffa.

Akwatin nan bai taɓa lalacewa ba, amma ba a taɓa ganin na'urar da aka fi dubawa kamarsa ba. Kullum lokacin hutun azahar sai Uwaisu ya zo gwaji, ya bar mata layi ɗaya:

"Gwaji. Zaitun, kin ci abinci kuwa?"

Ita kuma ta bar masa amsa a ƙasa:

"Na ci, Injiniyana. Akwatinka lafiya lau, mai shi ne dai ban sani ba."

So ya kama su sosai, kuma ba ya ɓuya. Da Baffa ya lura, ya ce sam. Bai san asalin yaron ba, kuma mutumin da ke haɗa kaya da gwangwani bai yi masa kama da mai riƙe gida ba. Shi Ashafa kashiya yake so mata, ɗan abokinsa, mai sabuwar Besfa. Ya ce in ya sake ganinsu tare, ta bar aikin.

Zaituna ta sha kuka, gwaji ya tsaya. Ashafa kuwa ya riƙa baza labari a kantin ma'aikata cewa an kusa sa rana, har maganar ta kai kunnen Uwaisu, ya ɗauka da yardarta ne.

Wata Laraba da azahar Uwaisu ya shigo ofishinta ya tarar ba kowa. Ya zauna zai yi mata sallama. Shi dama da yatsa ɗaya yake rubutu, kansa a sunkuye yana farautar haruffa, ba ya ɗagowa sai ya gama. Bai duba makunnin ba, alhali shi ya haɗa shi da hannunsa. Makunnin kuwa yana kan lamba biyu.

A bayan katakon, Baffa ya dawo daga masallaci yana jan carbi, sai ya ga haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Zaitun, Ashafa mutum ne mai"

Rubutun ya tsaya. Can sai haruffan suka riƙa gogewa har layin ya ƙare. Sannan aka sake farawa.

"Zaitun, ina sonki, Allah ya sani. Amma Baffa ne ya riƙe ki tun kina ƙarama, ba zan zama sanadin ɓacin ransa ba. Ki bi maganarsa. Zan nemi canji zuwa reshen Challawa. Akwatin in ya yi gardama, jar wayar ce, ki matse ta."

Daidai nan Zaituna ta shigo. Ta dubi fuskar kwamfutarta, ba komai. Ta dubi makunnin, ta dafe ƙirji.

"Uwaisu, me ka rubuta?"

Kafin ya amsa suka ji takun Baffa. Ya shigo, ya daɗe yana kallon yaron da ya miƙe tsaye.

"Me ka so faɗa a kan Ashafa ka goge?"

"Baba, ku gafarce ni. Ba ya nan, bai kamata in faɗa ba."

Baffa ya juya ga 'yarsa ya tambaye ta wa take so. Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ta ce duk abin da ya zaɓa mata ta karɓa, amma tunda ya tambaya, wanda ke tsaye ne.

Tsohon ya murɗa makunnin zuwa lamba ɗaya, ya gyara tabarau, ya shiga neman haruffa da yatsa ɗaya, ya fi Uwaisu ma jinkiri. Su biyun suna tsaye a bayansa suna karantawa:

"Turo magabatanka."

Ya aika Ringim aka yi bincike, aka dawo da labari mai daɗi. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baffa, ma'aikatan Sharaɗa da na Bompai suka cika layin, har Ashafa ya zo a kan Besfarsa. Baffa ya riƙe hannun ango ya ce, "Wanda ya iya riƙe harshensa a kan abokin takara zai iya riƙe mini 'ya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Sabon kibod ya iso bayan biki. Baffa ya sa hannu ya karɓa, ya ɗora shi can saman kanta a sito, ya ce na gwangwanin bai gaji ba tukuna.